Lodin Surukin Ƙanena

Duk wanda ya sake zama a garejina ya yaba mini kunyar ƙanena, wallahi tashi zan yi in bar masa bencin. Na ji, ta ishe ni. A Gusau an faɗa mini, a Tsafe an faɗa mini, har a ƙofar asibiti wani dattijo ya riƙe mini hannu yana cewa irin wannan tarbiyya ta yi wuya a zamanin nan. Kallonsa kawai na yi, don da na buɗe baki da an ce ba ni da mutunci.

Ni bakanike ne. Manyan motoci nake gyarawa a Gusau, kuma aikina a ƙarƙashinsu yake: sifirin, da aksil, wato ƙarfen nan da tayoyi ke jikinsa. Direba zai iya yi wa maigidansa ƙarya, zai iya yi wa matarsa, amma ni in na kwanta a ƙarƙashin mota na ga yadda sifirin ya miƙe, na san irin zaluncin da aka yi mata. Ƙanena direban tirela ne, ko in ce ya taɓa zama. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, ni na kai shi koyon tuƙi, kuma tun kafin ya iya sa giya na cusa masa zancen lodi har ya gaji da ni.

Zancen ba shi da wuya. Tirela gida biyu ce, kai da bodi. Kan yana da tayoyin gaba na sitiyari, da tayoyin ja a bayansa, waɗanda ke tura motar. Gaban bodi yana zaune a kan tayoyin jan nan, bayansa kuma yana kan nasa tayoyin. Kaya mai nauyi wurinsa tsakani ne, daga kan tayoyin ja zuwa kan tayoyin bodi, kowane aksil ya ɗauki rabonsa. In ka tara nauyi a gaba ka kashe sifirin kai. In ka tara shi a wutsiya, bayan tayoyin bodi, to ka yi abin da ya fi wannan muni. Kamar benci ne: ƙaton mutum ya zauna a can bakin ƙarshe, ɗaya gefen sai ya ɗaga. Gaban bodi zai yi sama, tayoyin ja su rasa abin da zai danne su a kan kwalta, ranar da ka taka birki da ƙarfi bodi ne zai tuƙa ka, ba kai za ka tuƙa shi ba.

Ƙanena ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Ya ma fi ni tsanani. Na sha ganinsa a kasuwa ya hau bodi yana faɗa da 'yan dako, yana sa su kwashe layi guda su sake jerawa, suna zaginsa ƙasa-ƙasa, shi ko a jikinsa. Ya taɓa barin wani ɗan kasuwa tsaye da kayansa ya ja motarsa wayam, don mutumin ya ce sai dai a yi yadda yake so. Mutum ne mai baki, kada wani ya ce muku salihi ne. Mutum ɗaya ne a duniyar nan bakinsa ke mutuwa a gabansa.

Ya auri ɗiyar wani Alhaji a Tsafe, babban ɗan kasuwar hatsi. To ku zo ku ga ikon Allah. Ƙaton nan da ke cika kasuwa da hargowa, in ya hango surukinsa daga nesa sai ya tuɓe takalmi. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya shan ruwa, ba ya ɗaga ido. In Alhaji na zaune ƙofar gida, sai ya zagaya ta wani lungu, in kuwa ba makawa sai ya durƙusa tun daga nesa har gwiwarsa ta yi fari. Innarmu tana jin daɗin abin ƙwarai, tana cewa ɗanta bai zubar mata da mutunci a gidan mutane ba. Ni ma a lokacin dariya nake yi, ina tsokanarsa, ina cewa wata rana sai ya haɗiye harshensa a Tsafe mu je nema.

Ranar da abin ya faru farkon damina ne, ruwa bai daɗe da sauka ba. Alhaji ya ɗauki shatar motar da ƙanena ke ja, daga Tsafe. Kaya iri biyu ne: busasshen barkono da zai wuce Sakkwato, da masara da za a sauke a siton Alhaji na Bungudu. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun barkono ya san iska ce kawai a ciki, ga girma ba nauyi. Masara kuwa dutse ce.

Bayan azahar ina ƙarƙashin wata mota na ji tsayuwar tirela a bakin titi. Na fito ina goge hannu, na ɗaga kai, sai ga motar ƙanena. Ban buƙaci a yaye tamfol ba. Wutsiyar bodi ta zauna daɓas, tayoyin baya sun buɗe ciki kamar za su fashe, sifirin ya miƙe sambal. Tayoyin ja kuwa suna tsaye cak, zagayayyu, sai ka ce motar ba ta ɗauko komai ba. A bayanta wata ƙaramar mota ta tsaya, Alhaji na zaune a ciki.

Ƙanena ya sauko, ya ce wai in duba masa iskar taya ɗaya. Iskar taya! Mutumin da ke gane iskar taya da bugun ƙafa. Na ja shi bayan motar inda ba a ganinmu.

Na ce, “Wane mahaukaci ne ya yi lodin nan?”

Ya ce, “Yaya, rage murya.”

“Ba ni ragewa. Wa ya yi shi?”

Sai ya gaya mini a gurguje. Alhaji da kansa ya zo wurin lodi, aka shimfiɗa masa darduma a inuwa. Ya ce barkono ba ya son ruwa, a cusa shi gaba inda tamfol ya fi kamawa, a cika har tsakiya. Masara kuwa tunda ita za ta fara sauka, a tara ta bakin ƙofa, a wutsiya, a ɗaga ta sama. 'Yan dako suka tsaya suna kallon ƙanena, suna jiran ya yi irin hargowar da ya saba. Bai ce uffan ba. Yana durƙushe a gefe aka yi lodin tun daga buhun farko har na ƙarshe.

A nan na gane abin da ya kawo shi. Ba taya ba ce. Ya kawo mini motar ne don in faɗi abin da shi ba ya iya faɗa. Ya biyo da surukinsa ta ƙofar garejina don ya ari bakina.

To na ara masa. Na je wurin ƙaramar motar, na rage tsawo, na gaida Alhaji yadda ya kamata, har da tambayar iyali da damina. Sannan na ce, “Alhaji, a yi haƙuri, lodin ga bai yi ba. Motar ga ba ta da lafiyar tafiya haka.”

Ya ce, “Mi yas same ta?”

Na yi masa bayani a hankali, har da misalin benci. Na ce ga 'yan dako nan kusa, in kira su, a sauke, a shimfiɗa masara a ƙasa tun daga gaba har baya, a ɗora barkono a kanta, a rufe. Ko ruwan kwando aka yi ba abin da zai taɓa barkonon.

Alhaji ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko ina cikin fushi. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya nuna mini hadarin da ke haɗuwa ta gabas. Ya ce in aka buɗe barkono a nan ruwa ya sauko, wa zai tsaya masa? Ya ce in an yi yadda na ce, a Bungudu sai an sake kwashe barkonon duka kafin a kai ga masara, a sake maida shi, aiki biyu. Sannan ya faɗi wadda kowa ya sani, cewa yanzu ba mai hankalin da zai so yamma ta yi masa a hanyoyin nan. Ya ce, “Tun ana ɗora hatsi ga raƙumi nike sana'ag ga. Bungudu ce hwa, ga ta nan. Daga Tsahe mun ka taho, mi yaf faru?”

Na ce, “Daga Tsafe kwalta a bushe take, Alhaji. Raƙumi kuma ba ya da birki.”

Fuskarsa ta canza. Sai ya leƙa ta taga ya kira ƙanena. Ya zo, ya tuɓe takalmi a kan ƙasar gareji mai baƙin mai, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce, “Kai ad direba. Motag ga tana zuwa Bungudu ko ba ta zuwa?”

Wannan tambayar ita ce har yau ke hana ni sakewa. Alhaji dattijo ne, ya aurar da ɗiya ba ɗaya ba. Ya san sarai cewa a ƙasar nan babu surukin da zai dube shi a gaban mutane ya ce masa lodinka bai yi ba. Ya san amsa ɗaya ce tak ke iya fitowa daga bakin mutumin da ke durƙushe a gabansa. Da gaskiyar yake nema, da ya aiki wani ya tambaye shi a gefe, yadda ake yi in za a tambayi suruki abu mai nauyi. Amma ya tambaye shi ido da ido, a gabana, don ya rufe mini baki.

Na zuba wa ƙanena ido. Na ce a raina, faɗi mana, ɗan Inna, kalma ɗaya ce, ka faɗa wa waɗanda suka fi shi zafi.

Ya ce, “Tana zuwa, Baba. In Allah ya yarda.”

Alhaji ya dube ni, ya ɗaga gilashi.

Daga nan ban san duk abin da na faɗa ba, amma maƙwabtan gareji sun tuna mini. Wai na ce wannan ba kunya ba ce, sakarci ne. Wai na ce in barkono ya fi ran mutum sai a gaya mana mu sani. Wai na bugi murfin motar Alhaji da tafin hannu. Ban musa ko ɗaya ba, ban kuma janye ko ɗaya ba. Mutane suka taru ana ba ni haƙuri, ni ake ba haƙuri fa, ana cewa haba Malam, surukin ƙanenka ai surukinka ne. Wani mai faci ya riƙe mini riga yana cewa in ji tsoron Allah. Na fizge na nufi tirelar don in zare makulli, ashe ƙanena ya riga ni. Ya shige ya kulle ƙofa. Na hau matakala ina dukan gilashi, ya sauke shi kaɗan. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, “Yaya, don Allah don Annabi ka bari. In na sauke kayan nan da wane ido zan shiga Tsafe? A hankali zan tafi.”

Na ce, “To mi ya kawo ka wurina, sakarai?”

Ya tada mota. Da na ga da gaske tafiya zai yi, na bi shi da gudu a gefen titi ina ihu, kar ka taka birki da ƙarfi, bi ta da giya, in ruwa ya sauko ka tsaya ko ina ne. Ya san duk wannan, ni ma na san ya sani. Na tsaya ina kallon wutsiyar bodi tana rangaji har ta ɓace, ƙaramar motar Alhaji na biye.

Ban koma ƙarƙashin mota ba. Na zauna a benci ina kallon sama. Iska ta taso, ruwa ya kece. Ba a yi la'asar ba wayata ta yi ƙara.

Kafin a shiga Bungudu akwai wata gangara mai kwana. Abin da ya faru a wurin na ji shi daga bakin manoman da suka fake a gindin wata bishiya, daga baya kuma ƙanena ya ba ni nasa. A hankali yake tafiya kamar yadda ya ce. Yana neman inda zai raɓe ya tsaya, amma gefen titin ya zama laka, in ya sauka da wannan wutsiyar sai ta kife. Yana cikin kwanar sai ga shanu sun keto titi suna gudun ruwa. Dole ya taka birki. Tayoyin ja suka sulale a kan ruwa kamar ba sa taɓa ƙasa, masarar da ke wutsiya ta turo bodi, kan motar ya naɗe ta hagu, gefen direba. Kusurwar bodi ta shigo ta ƙofa ta same shi a zaune. Shi kaɗai ne a ciki.

Na isa a kan babur, jiƙe sharkaf. An riga an ciro shi, Alhaji ya sa shi a motarsa sun yi asibiti a Gusau, mun yi saɓani a hanya. Abin da na tarar shi ne barkonon nan da ake tsoron ruwa ya taɓa, ga shi warwatse a titi, ruwa na jansa ja wur zuwa cikin gonaki. Duk wanda ke wurin yana atishawa yana hawaye, waɗanda suka ciro shi hannuwansu na raɗaɗi. Masara kuwa, yawancinta tana nan a wutsiya yadda aka tara ta, ko gezau. Na zagaya na duba tayoyin ja. Sababbi ne, ni na ɗaura su da hannuna. Birki lafiya lau. Babu abin da ya lalace a motar nan kafin ta naɗe.

Ƙafar hagu ce. Likitoci sun yi iya yinsu, daga ƙarshe suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ƙafar kuloci ke nan, ga wanda bai sani ba. Mutumin da tun tasowarsa bai san wata sana'a ba sai tuƙi.

Sai aka fara zuwa jaje, kowa da kalma ɗaya a baki: ƙaddara. Ni Musulmi ne, na yarda da ƙaddara mai kyau da marar kyau, ba sai mai faci ya koya mini ba. Amma ƙaddara ba ta ɗaukar buhu ta kai wutsiyar mota. 'Yan dako ke kaiwa, da umarnin mutum, a gaban wanda ya san illar abin ya yi shiru. In na faɗi haka sai a ce in yi istigfari. Innarmu ma, da ke kuka har muryarta ta dushe, cewa ta yi in rufa mata asiri in daina, kada zancen ya kai Tsafe ya taɓa auren yaron. Ƙafa ta tafi, ana lallaɓa aure.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ni da duka nake fushi, amma na maratayan ya fi. Alhaji dai ya tsaya a kan jinyar tun daga farko, ya rame, an ce ko kasuwa ya daina fita. Waɗanda ke ƙona mini rai su ne masu zuwa su zauna su mayar da abin labarin daɗi. Wai ka ji yaron kirki, yayansa na zuga shi ya yi wa surukinsa musu, ya ƙi. Haka labarin ya zagaya Tsafe da 'Yankuzo. Ni ne marar kunyar cikin labarin. Har wani ya ce zai so ɗiyarsa ta samu miji irin wannan. Na ce masa to ya tanadi sandar guragu cikin kayan ɗaki, aka ce na cika baƙar magana.

Ban taɓa cewa a daina kunyar suruki ba. Ni ma ina da surukai, ina tuɓe musu takalmi. A ƙofar gida ne wurinta, da wurin cin abinci, da wurin suna da biki. Amma aksil bai san suruki ba. Nauyin da ya hau shi kawai ya sani, ko na Alhaji ne ko na baƙo. Sau nawa na ce wa direbobin da ke zuwa garejina, in surukinka ne mai kaya, ka ba wani motar ya yi lodin, kai ka tafi shan shayi. Suna dariya, suna cewa Malam ya fara. Wasunsu kuma na gani da idona sun wuce da wutsiya a zaune.

Abin da ya sa ba na iya jin yabon nan kuwa, a gabana ya faru, bayan aikin ƙafar da 'yan kwanaki. Da hantsi ne, ina zaune a kujera a bakin gadonsa ina ɓare masa lemo. Ya ɗan farfaɗo, har ya fara tsokanata wai hannuna na warin giris. Ban tada masa zancen lodi ba, shi ma bai tada ba. Sai muka ji sallama a ƙofar ɗaki. Alhaji ne, da dattawan Tsafe a bayansa, sun zo dubiya.

Kafin in ajiye wuƙar, ƙanena ya yaye mayafi. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba, bai tsaya tunani ba. Ya zuro ƙafafu zai sauka ya durƙusa. Ta dama ta taɓa ƙasa. Ya saki nauyinsa a kan ta hagu, babu ita. Ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan dungulmin, ƙarar da ya yi har ɗakin da ke gaba an ji. Bandeji ya fara rinewa da jini. Duk da haka, wallahi ina kallo, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya tattara jikinsa, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Sannu da zuwa, Baba.”

Alhaji ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Allahu Akbar. Ku dubi ladabi.”

Na sunkuya na ɗauke shi cak, kamar yadda nake ɗaukarsa yana yaro. Jikinsa na ɓari, gumi ya jiƙa masa riga. Haƙorana a cije suke, don na san in na buɗe baki sai an fitar da ni daga asibitin. Ina kwantar da shi ya riƙo wuyan rigata, ya jawo kunnena kusa da bakinsa. Na ɗauka zai ce in kira likita.

Ya ce, “Yaya, Baba na tsaye. Ba shi kujera.”

Kujera ɗaya ce a ɗakin, wadda nake zaune a kai. Na ɗauka na kai masa.